Auna Ƙarfen Hanta Da Na'urar Maganaɗisu Wajibi Ne Ga Masu Talasimiya

Duk shekara idan muka iso darasin gado da cututtukan jini, nakan jefa wa ɗalibaina tambaya guda. Nakan ce da su, yaron da ɓargonsa ba ya iya ƙera masa isasshen jini, ana yi masa ƙarin jini kowane wata tun yana goye, me kuke tsammanin zai yi ajalinsa? Wasu su ce ƙarancin jinin, wasu su ce wata cuta da zai kwaso daga jinin da ake saka masa. Da wuya a samu mai cewa ƙarfe. Alhali kuwa shekara da shekaru, a ƙasashen da suka fi kowa kula da masu cutar talasimiya, abin da ya fi kashe su shi ne ƙarfen da ke taruwa a jikinsu daga jinin nan da ake ceton ransu da shi. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, duk asibitin da ya ɗauki nauyin yi wa irin waɗannan yara ƙarin jini, to wajibi ne ya ɗauki nauyin auna ƙarfen hantarsu da na'urar hoton maganaɗisu, wadda likitoci ke kira MRI, kuma ya lissafa awon cikin kuɗin magani tun daga farko.

Bari mu fara da ita kanta cutar. Sinadarin himogulobin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini an gina shi ne da sarƙoƙi huɗu, biyu ana kiransu alfa, biyu ana kiransu beta. Wanda ya gaji naƙasasshiyar ƙwayar gadon beta daga uwa, ya kuma gaji wata daga uba, jikinsa zai gaza yin sarƙar beta, ko ya yi 'yar kaɗan, sai jajayen ƙwayoyin su riƙa mutuwa tun suna cikin ɓargo. Wani likitan yara a birnin Detroit na Amurka, Thomas Cooley, shi ya bayyana cutar a 1925, daga baya aka raɗa mata suna daga kalmar Girkanci mai ma'anar teku, domin yaran da aka fara ganinta a jikinsu 'yan asalin gaɓar Bahar Rum ne. A tsibirin Saifurus, alal misali, kusan mutum ɗaya cikin bakwai yana ɗauke da ƙwayar gadon. Sai dai sunan yana iya ruɗar mutum, domin kuwa mafi yawan masu fama da cutar a yau suna ƙasashe irin su Indiya da Pakistan da Bangaladash da Masar da Iran da Tailan, inda ake haihuwar dubban jarirai da ita kowace shekara.

Wanda cutar ta yi wa tsanani yana bukatar ƙarin jini duk mako uku ko huɗu, muddin ransa. A nan lissafi ke shigowa, kuma ina roƙon mai karatu ya bi shi a hankali. Jikin baligi lafiyayye yana ɗauke da ƙarfe kimanin giram 3 zuwa 4, mafi yawansa a cikin jini. Abin da yake zubarwa a rana bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba, ta hanyar ƙwayoyin fata da na hanji da ke saluɓewa. Ban da wannan, jikin ɗan Adam ba shi da wata ƙofa ta fitar da ƙarfe. Abin da ya iya kawai shi ne tsare ƙofar shiga a hanji. To ita kuwa ledar jini guda tana ɗauke da ƙarfe kimanin miligiram 200 zuwa 250, kuma ta jijiya ake saka ta, ba ta biyo ta ƙofar da ake tsarewa ba. Matashin da ke karɓar leda biyu a wata zai karɓi leda 24 a shekara, wato kusan giram 5 na ƙarfe. A shekara guda ke nan ya tara fiye da abin da ke jikin lafiyayye gaba ɗaya.

Da farko jiki yakan yi ta maza. Akwai furotin mai suna tiransferin da ke dakon ƙarfe a cikin jini, akwai kuma feritin da himosidarin da ke adana shi a cikin ƙwayoyin halitta, musamman a hanta. Idan masu dako suka cika, sai ƙarfen ya fara yawo sakaka, ya kutsa cikin tsokar zuciya, da gaɓar da ke samar da insulin, da 'yar halittar nan ta ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai kula da girma da balaga. Sakakken ƙarfe yana haifar da wasu sinadarai masu ƙona bangon ƙwayar halitta, kwatankwacin yadda tsatsa ke cin kwanon rufi. Sakamakon shi ne tsumburewa, da jinkirin balaga, da ciwon sukari, da taurin hanta, sannan gazawar zuciya, wadda a da takan ɗauke yaran tun ba su kai shekara ashirin ba. Mugun abin kuwa, duk wannan ɓarna a ɓoye take tafiya. Yaro yana zuwa makaranta, yana wasa, har ranar da ƙafafunsa za su kumbura numfashi ya gagara.

Akwai magani. Na farkonsu, difiroksamin, daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa aka samo shi, wadda ke amfani da shi wajen farautar ƙarfe domin abincinta. An fara ba marasa lafiya shi a shekarun 1960, daga shekarun 1970 kuma aka koma ɗura shi a ƙarƙashin fata da ɗan famfo, awa 8 zuwa 12 a dare, kwana biyar ko fiye a mako. Mai karatu ya kwatanta yaro ɗan shekara goma sha huɗu da allura a cikinsa kusan kowane dare, zai gane dalilin da ya sa da yawa suke gudun maganin. Daga baya aka samu na haɗiya: difirifiron, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 1999, da difirasiroks, wanda Amurka ta amince da shi a 2005. Amma kowannensu na da dafinsa. Na farko idan ya yi yawa yana taɓa ji da gani da girman ƙashi, na biyu yana iya karya fararen ƙwayoyin jini, na uku yana iya taɓa ƙoda. Likita yana tsakanin gaba kura baya sayaki: in ya rage magani ƙarfe ya ci zuciya, in ya zarce magani ya ci yaro. Ba yadda za a yi ya tsaya daidai sai ya san yawan ƙarfen da yake yaƙi da shi.

Awon da aka fi yi a ko'ina shi ne na feritin da ke cikin jini. Yana da araha, ana yinsa a ƙaramin ɗakin gwaji, kuma ba na cikin masu raina shi. Tun 1994 bincike ya nuna cewa waɗanda feritin ɗinsu ya daɗe ƙasa da maikurogiram 2,500 a kowace lita sun fi tsira daga ciwon zuciya, yau kuma ana so a riƙe shi kusa da 1,000. Sai dai araha ba ta ado. Feritin yana tashi idan akwai zazzaɓi, ko kumburin hanta, ko kowace irin cuta mai sa jiki zafi, ko da ƙarfe bai ƙaru da ƙwayar zarra ba. Yana kuma sauka idan jiki ya rasa bitamin C. Mutum biyu masu feritin iri ɗaya, sai a tarar ƙarfen hantar ɗaya ya ninka na ɗayan. Abin ya fi muni ga masu matsakaiciyar talasimiya, waɗanda ba a cika yi musu ƙarin jini ba. Su ɓargonsu ne ke danne hefsidin, sinadarin da ke gadin ƙofar hanji, sai hanjin ya yi ta zuƙar ƙarfe daga abinci yana jibgewa a hanta, alhali feritin na nuna kamar lafiya lau. Likitan da ya dogara da feritin kaɗai zai sallami irin wannan mara lafiya da murmushi.

To me ya sa hanta? Domin ita ce babban rumbun. A shekarar 2000, Emanuele Angelucci da abokan aikinsa a Italiya suka yi wani aiki mai ban sha'awa. Sun bi marasa lafiyan da suka warke ta hanyar dashen ɓargo, suna ɗibar musu jini a kai a kai har ƙarfen da ya taru ya ƙare, suna lissafa abin da ya fita. Da suka kwatanta da abin da ke hantar tun farko, sai suka samu ƙa'ida mai sauƙi: a ninka ƙarfen hanta da 10.6, za a samu miligiram nawa ke ajiye a kowane kilogiram na jiki. Ana auna ƙarfen hanta ne da miligiram a kowane giram na busasshiyar tsokarta. Na lafiyayye bai wuce 1.8 ba, daga 7 haɗari ya fara ƙaruwa, daga 15 kuwa an shiga sahun waɗanda ake jin tsoron zuciyarsu da hantarsu. Yaro mai nauyin kilogiram 30 da awonsa ya kai 15 yana ɗauke da ajiyar ƙarfe kusan giram 4.8.

A da, hanyar samun wannan adadi ita ce a soka doguwar allura ta tsakanin haƙarƙari a tsakuro hantar. Akwai zafi, akwai haɗarin zubar jini a ciki, yara kuma sai an sa su barci. Bugu da ƙari, abin da allurar ke ɗebowa bai wuce kashi ɗaya cikin 50,000 na hantar ba, ga shi ƙarfe ba ya bazuwa daidai wa daida, balle a hantar da ta fara tauri. Ba uwar da za ta yarda a yi wa ɗanta haka duk shekara, ni ma ba zan ba ta shawarar ta yarda ba.

A nan na'urar maganaɗisu ta kawo sauyi, kuma yadda take aikin ya cancanci a tsaya a kansa. Jikinmu mafi yawansa ruwa ne, a cikin kowace ƙwayar ruwa kuma akwai haidurojin biyu, wanda cibiyarsa ke aiki kamar ɗan mitsitsin maganaɗisu. Idan aka kwantar da mutum a cikin na'urar, wadda ƙarfinta yawanci tesla 1.5 ne, wato kimanin ninki 30,000 na maganaɗisun duniya, sai waɗannan cibiyoyi su karkata wajen fuskantar gefe guda. Sai a aika musu da bugun igiyar rediyo, su kauce su fara juyawa tare, suna fitar da wani amo da na'urar ke saurare. Amon yana da ƙarfi ne muddin suna juyawa a tare. Mu ɗauka 'yan makaranta ne ke fareti. A fili mai santsi za su daɗe suna sauke ƙafa lokaci guda, ana jin dirinsu daga nesa. A kai su kan kunyoyin gona, taku kaɗan sahu zai watse, dirin ya ɓace. Ƙarfen da ke cikin feritin da himosidarin shi ne kunyoyin: yana gurɓata maganaɗisun da ke kewaye da shi, sai cibiyoyin su rikice da wuri, amon ya dusashe da sauri, hantar ta fito baƙa a hoto. Lokacin dusashewar shi ake rubutawa T2*, ana auna shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. A lafiyayyar hanta yakan kai milisakan 20 ko fiye, a wadda ta cika da ƙarfe kuwa yana faɗuwa ƙasa da 2. Ba allura, ba ruwan da ake ɗurawa a jijiya, ba kuma irin hasken hoton ƙashi mai cutarwa idan ya yi yawa. Mara lafiya ya riƙe numfashi na 'yan daƙiƙoƙi, shi ke nan.

Amma baƙin hoto ba adadi ba ne. Sai da aka samu masu haƙurin haɗa hoton da tsakurar hanta a jikin mutum ɗaya, sannan aka iya fassara milisakan zuwa miligiram. Yves Gandon a birnin Rennes na Faransa ya fitar da hanyar kwatanta hasken hanta da na tsokar baya. A 2005 Tim St Pierre na Jami'ar Yammacin Ostireliya ya wallafa tasa hanyar bayan gwaji a kan mutum sama da 100, wadda ake sayarwa da sunan FerriScan, a shekarar kuma John Wood na asibitin yara na Los Anjalis ya wallafa ma'aunin da ya dogara da T2*. Tun daga nan tsakurar hanta domin auna ƙarfe kawai ta zama abin da ba a cika yi ba a manyan cibiyoyi, ƙungiyar masu talasimiya ta duniya da ke Nikosiya kuma tana ba da shawarar a riƙa awon maganaɗisu a kai a kai, galibi sau ɗaya a shekara ga wanda ke kan ƙarin jini.

Dole in yi gargaɗi guda kafin a ce na cika baki. Hanta ba ta ba da labarin zuciya. A 2001 Lisa Anderson da Dudley Pennell na asibitin Royal Brompton a Landan suka nuna cewa ƙarfen zuciya ba ya bin feritin, ba ya kuma bin ƙarfen hanta sau da ƙafa. Dalili shi ne hanta tana saurin cika tana saurin zubarwa idan aka matsa da magani, zuciya kuwa tana jinkirin ɗauka tana jinkirin saki. Saboda haka ana iya samun matashin da hantarsa ta wanku amma zuciyarsa na nan a cike. Wani bincike na 2009 a kan marasa lafiya 652 a Birtaniya ya gano cewa cikin waɗanda T2* na zuciyarsu ya gaza milisakan 6, kashi 47 cikin 100 sun kamu da gazawar zuciya cikin shekara guda. Abin farin ciki shi ne a kwanciya ɗaya ake auna gaɓoɓin biyu. Wanda ya auna hanta ya bar zuciya ya yi rabin aiki.

Shin awon yana ceton rai, ko kuwa adadi kawai yake ƙara wa takardun asibiti? Bernadette Modell da abokan aikinta sun duba rijistar masu talasimiya ta Birtaniya, suka wallafa a 2008 cewa mace-macen da ƙarfe ke jawowa sun ragu da kashi 71 cikin 100 bayan shekarar 2000, wato bayan shigowar awon maganaɗisu. A matsayina na mai koyar da kimiyya ba zan ce na'urar ita kaɗai ta yi wannan ba, domin a daidai lokacin ne maganin haɗiya ya yaɗu, kulawa ma ta inganta. Amma na'urar ce ta nuna wa likitoci wanda za su tsananta wa magani tun zuciyarsa ba ta gaza ba. Akwai kuma wani amfani da lissafi ba ya kamawa. Matashin da ya gaji da magani, in aka ce masa feritin ɗinsa ya hau, ji kawai ya yi. In aka nuna masa hantarsa baƙa ƙirin a allo kusa da ta lafiyayye, bayan shekara kuma ya ga ta fara washewa, to gani ya kori ji.

Hujjar da ake kawowa a kan ra'ayina ita ce tsada, kuma hujja ce mai nauyi. Na'urar tana cin kuɗi, tana son wutar lantarki marar yankewa, ƙasashen da cutar ta fi yawa kuma su ne masu ƙarancin na'urorin. Amma a dubi abin da kyau. Ba wanda ya ce a sayi sabuwar na'ura domin masu talasimiya. Wadda ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da ƙashin baya a babban asibiti ita ce dai za ta yi aikin. Abin da ke sa tsada shi ne tsawon lokacin da mutum ke ɗauka a ciki. A 2016 likitocin Landan da takwarorinsu na Bankok suka nuna cewa idan aka tsara aikin da kyau, ana auna hanta da zuciya cikin kimanin minti 8, har suka auna mutum sama da 100 cikin kwana biyu da na'ura guda. Sannan a kwatanta da abin da ake kashewa a kan ledojin jini da maganin fitar da ƙarfe na wata goma sha biyu. Ba hikima ba ce a kashe wannan duka a ce awon da zai nuna ko maganin na aiki shi ne ya yi tsada. Nakan yi mamakin yadda jaridu suka cika da labarin Casgevy, maganin gyaran ƙwayar gado da Birtaniya ta amince da shi a 2023, wanda aka sa wa farashin dala miliyan 2.2 a Amurka, alhali dubban yara a Asiya ba a taɓa auna hantarsu ko sau ɗaya ba.

Inda nake da fargaba shi ne wajen ingancin awon. Duk wanda ya saba cefane ya san mudun wata kasuwa ba shi ne na wata ba. Haka abin yake a nan: ma'aunan da masana daban-daban suka wallafa ba sa ba da adadi ɗaya daga hoto ɗaya, don haka wanda aka auna bana da wata hanya, baɗi da wata, yana iya ganin sauyin da babu shi. Idan ƙarfe ya yi yawa ainun, amon yakan ɓace kafin na'urar ta kama shi, sai ma'aikacin da bai ƙware ba ya ba da adadin da ya gaza gaskiya, kuma a wurin wanda ya fi kowa shiga haɗari. Na'ura mai ƙarfin tesla 3, wadda asibitoci ke alfahari da ita, ta fi fuskantar wannan matsala, domin amon ya fi saurin dusashewa a cikinta kusan ninki biyu. Kitse a hanta ma yana iya karkatar da lissafi. Ƙananan yara kuma ba sa iya kwanciya shiru ko riƙe numfashi. Saboda haka horar da ma'aikata da riƙe hanya ɗaya shekara bayan shekara sun fi sayen na'ura mai sheƙi muhimmanci, feritin kuma ya ci gaba da aikinsa duk wata uku a tsakanin awo da awo.

Mai karatu na iya cewa talasimiya mai tsanani ba ta da yawa a ƙasar Hausa, kuma ya yi gaskiya. Amma muna da 'yar uwarta, sikila, wadda ita ma a sarƙar beta take, kuma Nijeriya ce ke kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da ita. Tun 1998 aka tabbatar a Amurka cewa ƙarin jini a kai a kai yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga yaran sikila da kimanin kashi 90 cikin 100. Wahalar samun jini da nauyin ƙarfen da ke biyo baya na daga cikin dalilan da suka sa masu bincike a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suka gwada maganin haidiroksiyuriya a madadinsa. Duk da haka akwai masu sikila da suka karɓi leda 20 ko 30 a rayuwarsu, lissafin da muka yi a baya kuma bai san sunan cuta ba. A jikinsu ƙarfe ya fi zama a hanta, bai cika kai wa zuciya ba kamar a talasimiya, feritin ɗinsu kuwa yana hawa da sauka da kowane tashin ciwo da kowane zazzaɓin cizon sauro. Idan haka ne, asibitocin koyarwarmu da ke da na'ura mai tesla 1.5 suna iya ware yini guda a wata domin wannan awo, su fara da waɗanda katinsu ya nuna sun haura leda 20.